Bitar Squiggle: Shin lissafi zai iya faɗa mana zakaran ƙwallon Ostireliya na baɗi?

Daga ƙarshen watan Satumba zuwa watan Maris ba a buga wasan gasar AFL ta maza, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya, amma bakin magoya baya ba ya hutawa ko na yini ɗaya. Tun ranar da Brisbane Lions ta doke Geelong da tazarar maki 47 a wasan ƙarshe na 2025, ta ɗaga kofi karo na biyu a jere, muhawarar da ta mamaye gidajen rediyo da wuraren aiki da teburan cin abinci a Melbourne da Adelaide da Perth ita ce ko Brisbane za ta iya yin na uku, ko kuwa akwai wadda za ta taka mata birki a 2026. Kowane mai goyon baya yana da amsa, kuma abin mamaki shi ne amsar kan yi daidai da ƙungiyar da ya gada daga iyayensa. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi bitar Squiggle, wani dandali na kyauta a intanet wanda aikinsa shi ne auna ƙarfin ƙungiyoyin gasar da hasashen sakamakonsu ta hanyar lissafi, domin a ganina babu abin da ya kai shi amfani ga wanda yake son ya shiga wannan muhawara da hujja a hannu, ko da yake akwai iyakar da ba ya iya tsallakewa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga shi a taƙaice. Ana buga shi a fili mai siffar ƙwai, kowane ɓangare da 'yan wasa 18, kuma ana amfani da hannu da ƙafa. A kowane ƙarshen fili akwai turaku huɗu. Idan aka buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya an ci maki 6, idan kuwa ta bi ta gefe, tsakanin dogon turke da gajere, maki 1 ne kawai. Ƙungiyoyi 18 ne a gasar, 10 daga cikinsu a jihar Victoria, kuma Tasmania za ta shigo a matsayin ta 19 a 2028. Kowace ƙungiya tana buga wasa 23 a kaka, nasara tana kawo maki 4 a teburi, kunnen doki maki 2, sannan idan aka yi daidai sai a duba kaso, wato yawan makin da ƙungiya ta ci a raba shi da wanda aka ci ta, a ninka sau 100. Amma wanda ya ƙare a saman teburi ba shi ne zakara ba, sabanin yadda masu kallon Firimiyar Ingila suka saba. Sai ƙungiyoyin da suka ƙare a saman teburi sun shiga wasannin fitar da zakara na watan Satumba, a ƙare da wasan ƙarshe a filin MCG na Melbourne mai ɗaukar mutum kimanin 100,000. Wannan bambanci shi ne tushen duk wahalar da ke cikin hasashen, kuma zan dawo kansa.

Max Barry, wani marubucin ƙagaggun labarai ɗan Ostireliya, shi ne ya ƙirƙiro Squiggle, kuma abin da ya fara jan hankalin mutane a cikinsa shi ne wata taswira da ke ɗora kowace ƙungiya a wuri guda bisa ma'auni biyu. Gwargwadon ƙarfin ƙungiya wajen cin maki, gwargwadon yadda tambarinta zai hau sama. Gwargwadon ƙarfinta wajen hana a ci ta, gwargwadon yadda zai matsa dama. Bayan kowane wasa tambarin yakan motsa, ya bar layi a bayansa, ta yadda idan kaka ta yi nisa sai ka ga tafiyar kowace ƙungiya kamar sawun tururuwa a kan rairayi, wata ta miƙe, wata ta yi ta kewaye wuri ɗaya. An kuma sanya alamar kofuna a wuraren da zakarun shekarun baya suka tsaya, don haka da kallo ɗaya mutum zai gane ko ƙungiyarsa ta kusanci yankin da ake cin kofi ko tana nesa da shi. Muhimmin abu a nan shi ne motsin ba ya bin nasara ko rashinta kai tsaye, yana bin yadda ƙungiya ta yi ne idan aka kwatanta da abin da ake tsammani daga gare ta. Ƙungiyar da ta sha kashi da maki 5 a hannun babbar abokiyar hamayya a filin da ba nata ba tana iya matsawa gaba, yayin da wadda ta doke ta ƙarshen teburi da kyar za ta iya komawa baya. Magoya baya da yawa ba sa son wannan, domin a wurinsu nasara nasara ce, amma ni ina ganin a nan ne taswirar ta fi teburin gasa faɗin gaskiya.

Sashen da na fi daraja shi ne wanda ke tattara hasashen tsare-tsaren lissafi daban-daban wuri guda. Ba tsarin Barry kaɗai ke magana ba. Akwai na wasu masana lissafi da masu sha'awa, irin su Matter of Stats da Massey Ratings da Wheelo Ratings da Live Ladders, kowanne da hanyarsa. Wasu sakamakon wasanni da wurin da aka buga su kaɗai suke dubawa, wasu kuma suna shigar da darajar 'yan wasan da aka zaɓa a makon. Kafin kowane wasa za ka ga wadda kowane tsari ya zaɓa, da tazarar makin da yake tsammani, da kuma yawan tabbacinsa cikin ɗari. Sannan akwai layin da ake kira Aggregate, wanda ke haɗa ra'ayoyin ya fitar da matsakaici. Abin da ya bambanta wannan da surutun masu sharhi a talabijin shi ne ana ajiye komai a rubuce, ana kuma yi wa kowa hisabi a bainar jama'a. Tsarin da ya yi kuskure ba shi da damar cewa ba haka ya faɗa ba.

Hisabin kuwa ta hanya uku ake yin sa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Ta farko ita ce ƙidayar wasannin da tsari ya faɗi daidai, wadda kowa ya sani. Ta biyu ita ce matsakaicin nisan da ke tsakanin tazarar da ya hasasa da wadda aka samu a fili. Ta uku, wadda ake kira Bits, ita ce ta fi burge ni, domin tana hukunta cika baki. Wanda ya ce wasa rabi da rabi ne ba ya samun komai, ba ya kuma rasa komai. Wanda ya ba wata ƙungiya kashi 60 cikin ɗari, idan ta ci zai samu kimanin 0.26, idan ta faɗi zai rasa kimanin 0.32. Wanda kuwa ya bugi ƙirji ya ce kashi 90, idan ya dace zai samu kimanin 0.85, amma idan ƙungiyar ta ba shi kunya zai rasa fiye da 2.3, wato kuskure guda ya cinye ribar wasanni kusan uku. Ma'anar wannan ita ce ba ya isa mutum ya san wadda ta fi ƙarfi, sai ya san iyakar saninsa. Da za a riƙa auna magoya baya da wannan ma'auni a duk lokacin da suka rantse cewa bana tasu ce, da yawancinsu sun shiga watan Afrilu da bashi a wuyansu.

Akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya sani tun kafin ya shiga. A cikin jerin akwai layin da ake kira Punters, wanda ake ciro shi daga farashin kamfanonin caca, domin a kwatanta tsare-tsaren lissafi da abin da kasuwar caca take gani. Shi dandalin ba wurin caca ba ne, ba ya karɓar kuɗin kowa, kuma wannan abin a yaba ne a ƙasar da tallar caca ta cika wasanni har iyaye da 'yan majalisa suna ta kuka a kai. Wanda bai son ko ganin wannan layi zai iya kau da kai daga gare shi ba tare da ya rasa komai na amfanin wurin ba. Sai dai gaskiya ce cewa layin yakan yi gogayya da mafi kyawun tsare-tsaren, kuma dalilin a fili yake, domin kasuwa tana jin labarin rauni da canjin 'yan wasa da yanayin sama nan take, abubuwan da tsarin da ke duba sakamako kaɗai ba ya gani.

Ga masu hasashen zakaran baɗi, kayan aikin da za su fi ɓata lokaci a kansa shi ne Ladder Predictor. Da zarar hukumar gasar ta fitar da jadawalin sabuwar kaka, mutum zai iya bin wasannin ɗaya bayan ɗaya yana zaɓar wadda za ta ci da tazarar da za ta ci da ita, teburi yana sauyawa a gaban idonsa, har ya kai wasannin Satumba ya naɗa zakaransa. Idan ya gaji, akwai maɓallin da zai cike masa sauran wasannin bisa hasashen lissafi. Yana da sauƙin amfani ƙwarai, yana da sauri, kuma ba ya neman rajista. Amma amfaninsa na haƙiƙa, a ganina, shi ne yadda yake tona asirin son zuciya. Mai goyon bayan Carlton, wadda rabonta da kofi tun 1995, ko na Essendon, wadda ba ta ci wasan Satumba ko ɗaya ba tun 2004, zai iya faɗa da baki cewa ƙungiyarsa za ta ƙare cikin huɗun farko, ba wanda zai hana shi. Amma idan aka ce ya zauna ya nuna wasanni 16 ko 17 da za ta ci daga cikin 23, ya faɗi yadda za ta je Perth ta doke Fremantle, ta je filin Gabba ta doke Brisbane a gidanta, ta je Geelong ta fito da maki 4, sai hannunsa ya fara rawa. Idan kuma ya daure ya ba ta duk wasan da ke da shakka, to aƙalla ya ga da idonsa sau nawa ya yi wa lissafi maguɗi.

Wannan sashe yana kuma koya wa mutum abin da baƙo ba ya lura da shi, wato jadawalin AFL ba daidai yake ga kowa ba. Tun da ƙungiyoyi 18 ne wasanni kuma 23, kowace ƙungiya tana haɗuwa da sauran 17 sau ɗaya, sannan ta maimaita da shida kawai, kuma wajen zaɓen waɗannan shida ana la'akari da matsayin da ta ƙare a kakar da ta wuce, ta yadda manya sukan fi maimaita manya. Ga kuma batun tafiya, domin West Coast da Fremantle suna ratsa nahiyar daga Perth kusan duk bayan mako biyu, tafiyar fiye da kilomita 2,500 zuwa Melbourne, alhali ƙungiya irin Collingwood tana buga mafi yawan wasanninta a MCG, filin da yarjejeniya ta tabbatar masa da wasan ƙarshe har zuwa 2059. Squiggle yana shigar da amfanin filin gida cikin lissafinsa, kuma mai dandalin yakan yi nazarin wanda jadawali ya sauƙaƙa wa da wanda ya tsananta wa. Ƙorafin da magoya bayan ƙungiyoyin wajen Victoria suka daɗe suna yi ke nan, kuma yana da daɗi a gan shi cikin alƙaluma maimakon cikin fushi.

Teburin hasashen da dandalin ke fitarwa yana da wata ɗabi'a da takan rikita sabon shiga. Kafin kaka ta fara za ka ga ƙungiyoyin sun cunkushe a tsakiya, wadda ke sama an ba ta nasarori kaɗan fiye da yadda aka saba gani ga mai jan ragamar teburi, wadda ke ƙasa kuma an ba ta fiye da yadda ake zato. Ba kuskure ba ne. Lissafin matsakaici ne na dubban yiwuwa, kuma ko da yake tabbas wata ƙungiya za ta yi fintinkau kamar yadda Adelaide ta ci wasa 18 a 2025, wata kuma za ta durƙushe kamar yadda West Coast ta ci wasa 1 tak a wannan shekarar, ba a san ko wace ce ba tun daga Maris. Na so a ce an bayyana wannan da manyan haruffa a kusa da teburin, domin na sha jin masu kallonsa suna cewa injin ba shi da ƙarfin hali, alhali abin da yake yi shi ne ƙin yin ƙarya.

Akwai kuma Rate My Ladder, inda mutum zai shigar da teburin da ya hasasa a ba shi maki bisa kusancinsa da abin da ya faru, kuma Barry yakan bi teburan da 'yan jarida da tsofaffin 'yan wasa suka wallafa kafin kaka ya auna su bayan ta ƙare. Wannan aiki ne da kafafen labarai ba sa yi wa kansu.

Yanzu ga inda ƙarfinsa ya ƙare. Lokacin da magoya baya suka fi buƙatar amsa, wato tsakanin Oktoba da Maris, shi ne lokacin da lissafi ya fi rauni, domin babu sabon sakamako, kuma gasar AFL an gina ta ne da gangan don kada jiya ta zama madubin gobe. Akwai iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta iya biya, kuma a zaɓen matasan 'yan wasa na watan Nuwamba ƙungiyar da ta ƙare a ƙasa ita ke fara ɗauka. Sakamakon haka shi ne hawa da sauka mai ban mamaki. Richmond ta ƙare ta 13 a 2016, ta ci kofi a 2017 bayan shekara 37 tana jira. Collingwood ta ƙare ta 17 a 2021, ta ci kofi a 2023, sannan ta kasa shiga takwas ɗin farko da ke zuwa wasannin Satumba a 2024. Geelong ta lallasa Sydney da maki 81 a wasan ƙarshe na 2022, a shekarar da ta biyo baya ta ƙare ta 12. Adelaide ta tashi daga ta 15 a 2024 zuwa ta ɗaya a 2025. Babu tsarin da ya dogara da sakamakon bara da zai hango irin wannan tsalle da tabbaci, kuma adalci ne a ce 'yan jarida ma ba sa hangowa. Kasuwar musayar 'yan wasa ta Oktoban 2025 ta ƙara dagula lissafi, domin Charlie Curnow ya bar Carlton zuwa Sydney, Christian Petracca ya bar Melbourne zuwa Gold Coast, Clayton Oliver ya tafi Greater Western Sydney (GWS), Tom De Koning ya koma St Kilda. Ana iya ƙiyasta darajar kowannensu da alƙaluma, amma yadda zai zauna da sabon koci da sababbin abokan wasa abu ne da sai fili ya nuna.

Ko a tsakiyar kaka ma akwai nau'in ƙungiyar da ke ruɗar lissafi, kuma misalai biyu masu kishiyantar juna sun isa. Western Bulldogs ta 2025 ta riƙa ragargazar ƙananan ƙungiyoyi da tazara mai yawa, ta ƙare da ɗaya daga cikin mafi girman kaso a gasar, wanda shi ne irin abin da tsare-tsaren lissafi ke so, amma ta yi ta faɗuwa a hannun manya, ta ƙare ta 9 da nasara 14, ba ta ko ga Satumba ba. A ɗaya gefen kuma ga Collingwood ta 2022, wadda a shekarar farko ta koci Craig McRae ta yi ta cin wasanni da ƙanƙanuwar tazara, ta ƙare ta 4 da kason da bai wuce 105 ba. A ƙa'idar lissafi wannan sa'a ce da ba ta ɗorewa, amma ta kai wasan kusa da na ƙarshe inda Sydney ta fitar da ita da maki 1, a shekara mai zuwa kuma ta doke Brisbane da maki 4 ta ɗauki kofi. Har yanzu masana ba su daidaita ba kan ko cin wasa mai zafi fasaha ce ko sa'a. Ni na fi karkata ga cewa yawancinsa sa'a ce, amma ba zan faɗa wa mai goyon bayan Collingwood haka a bakin MCG ba.

Babbar matsalar dai ita ce wadda na ambata tun farko, wato kofin ba na mai jan teburi ba ne. Daga 2014 zuwa 2025, kaka 12 ke nan, sau uku kacal ƙungiyar da ta ƙare ta ɗaya ta zama zakara, wato Melbourne a 2021, Geelong a 2022 da Collingwood a 2023. Abin da tarihi ya fi goyon baya shi ne shiga huɗun farko, domin a tsarin da aka fara a 2000 su ne ke da damar faɗuwa a makon farko su sake dawowa, kuma tun daga lokacin ƙungiyoyi biyu ne kawai suka ci kofi daga wajen huɗun, Western Bulldogs daga ta 7 a 2016 da Brisbane daga ta 5 a 2024. Ita Brisbane ɗin ta 2024 ta fara kakar da nasara 2 a wasa 7, kuma a Satumba GWS ta taɓa ba ta tazarar maki 44 kafin ta farfaɗo. Satumbar 2025 ma darasi ce. Adelaide ta shiga a matsayin ta ɗaya, amma an dakatar da Izak Rankine wasa 4 saboda kalaman ɓatanci gab da farawa, ta sha kashi sau biyu a gidanta, a hannun Collingwood da Hawthorn, ta fita. Geelong ta doke Brisbane da maki 38 a makon farko, bayan mako uku suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, Geelong babu Tom Stewart saboda bugun da ya samu a ka, Jeremy Cameron kuma ya karye a hannu ana cikin wasa, aka tafi hutun rabin lokaci kunnen doki, sannan Brisbane ta ɓalle. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma babu lissafin watan Fabrairu da zai san wanda zai ji rauni a mako na uku na Satumba. Daga 2026 ma an ƙara wani zagaye na share fage, inda ta 7 za ta kara da ta 10, ta 8 da ta 9, don cike gurbi biyu na ƙarshe, abin da zai ƙara wa ƙungiyoyin tsakiya fata amma ya tsawaita musu hanya. Saboda haka hanyar da ta dace a yi amfani da Squiggle ita ce a tambaye shi waɗanne ƙungiyoyi ne suka fi kusa da huɗun farko, a nan yana da abin faɗa mai nauyi. Tambayar wace ce za ta ɗaga kofi kuwa, ko a ranar da aka shiga Satumba amsarsa ta gaskiya yiwuwa ce da aka raba tsakanin ƙungiyoyi da dama.

Ta fuskar amfani na yau da kullum, akwai abubuwan da za su dami mai karatunmu. Komai da Turanci yake, kuma Turancin mutanen da suka tashi cikin wasan, babu wani sashe da ke riƙe hannun baƙo ya koya masa dokoki. Taswirar tana da kyau a kwamfuta, amma a ƙaramar waya tambura 18 da layukansu sukan hau kan juna idan kaka ta yi nisa, sai mutum ya ware ƙungiya ɗaya ko biyu kafin ya fahimci abin da yake kallo. Babu bidiyo, babu labarai, don haka wanda yake son ganin wasan sai ya nemi Watch AFL, wanda ake biya, ko ya bi taƙaitattun bidiyon da gasar ke sakawa a YouTube. Amfanin rashin bidiyon shi ne ba ya cin data sosai. Ga mai bibiya daga Najeriya ko Nijar, Melbourne tana gaba da awa 9 a mafi yawan kakar, don haka wasan daren Juma'a yakan faɗo da hantsin Juma'a, wasan ƙarshe kuma, da aka saba farawa da ƙarfe 2:30 na rana a can, yakan zo da 5:30 na asuba. Masu ilimin kwamfuta kuma za su ji daɗin cewa dandalin yana ba da bayanansa kyauta ga duk mai son gina nasa tsarin, wanda hakan dama ce mai kyau ga ɗalibin lissafi ko ƙididdiga da ke neman abin gwaji.

Idan aka matsa mini in faɗi nawa hasashen na 2026, Brisbane zan ambata, kuma ba don wani inji ya faɗa ba. Ta buga wasan ƙarshe sau uku a jere daga 2023, koci Chris Fagan yana nan, Will Ashcroft ya zama gwarzon wasan ƙarshe sau biyu yana ɗan shekara 21, ga shi ta ƙaro Oscar Allen daga West Coast da Sam Draper daga Essendon. Amma ba zan ba ta fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba, domin tun daga 2000 ƙungiyoyi biyu ne kawai suka ci uku a jere, Brisbane ɗin kanta daga 2001 zuwa 2003 da Hawthorn daga 2013 zuwa 2015, kuma Richmond da ta nemi yin haka a 2021 ta ƙare ne ta 12. Wadda zan fi zuba wa ido a taswirar a makonnin farko ita ce Gold Coast, wadda ta shiga wasannin Satumba karon farko a 2025 tun shigowarta gasar a 2011, ta fitar da Fremantle da maki 1, tana da Matt Rowell da ya lashe lambar Brownlow ta gwarzon ɗan wasan kaka, ga Petracca ya zo, ga kuma Damien Hardwick da ya ci kofi uku da Richmond yana jan ragamarta. Idan zuwa ƙarshen Afrilu tambarinta ya fara matsawa dama, wato tsaron bayanta ya kama, to zan sake duba kason da na ba Brisbane.